Yadda Ake Tare Cutar Bakteriya a Tafkin Jatan Lande, da Abin Yi Idan Ta Ɓarke

A 2009 masu kiwon jatan lande a kudancin Sin suka fara ganin abin da ba su saba gani ba. A zuba 'ya'ya a tafki lafiya ƙalau, kafin a cika kwana 30 zuwa 35 sai a tarar da su zube a ƙasan ruwa, wani tafkin ko ɗaya ba ya saura. Cutar ta shiga Biyetnam a 2010, Malesiya a 2011, Tailan a 2012, ta tsallaka teku zuwa Meziko a 2013. Tailan, wadda a lokacin take sahun gaba wajen fitar da jatan lande zuwa kasuwannin duniya, ta rasa kusan rabin abin da take samarwa cikin shekaru biyu. Sai a 2013 masu bincike a Jami'ar Arizona ta Amurka, ƙarƙashin Donald Lightner, suka tabbatar da mai laifin: wani nau'in bakteriya ne mai suna Vibrio parahaemolyticus, wanda daga baya aka gano ya samu ƙwayar gado da ke sa shi fitar da dafi iri biyu, PirA da PirB. Dafin nan shi ke narkar da hantar jatan lande. Manoma na ce wa cutar EMS, masana kuma AHPND.

Abin da ya kamata ka riƙe tun daga farko shi ne dangin Vibrio ba baƙi ba ne a ruwan gishiri. Suna cikin teku, suna cikin laka, suna cikin hanjin jatan lande mai lafiya ma. Ba za ka taɓa raba tafkinka da su ba. Aikinka shi ne ka hana masu dafin shigowa, ka hana sauran samun abinci da sararin da za su yi yawa. Idan yanayi ya yi masa daidai, wannan bakteriya yana iya ninka kansa cikin kamar minti goma, saboda haka sakacin kwana biyu ya isa.

Kiwon jatan lande sana'ar bakin teku ce, amma mai tafkin tarwaɗa zai ga rabin maganar tasa ce, musamman abin da ya shafi laka da abinci.

Mataki na farko: ka san da wa kake faɗa

Ba kowace mutuwa ce ta bakteriya ba, kuma kuɗi da yawa na salwanta wajen yi wa cutar da ba ita ba ce magani.

AHPND tana kama ƙanana, galibi a watan farko bayan zubawa. Ka ɗaga jatan landen ka duba shi a hasken rana. Hantar tana cikin kai, kuma a mai lafiya cike take, launin ruwan kasa mai duhu. A mai wannan cuta za ka ga ta koɗe ta koma fari-fari, ta tsuke, wani lokaci da ɗigo ko zane baƙi. Ciki da hanji babu komai, ko kuma abincin ya yanke gutsi-gutsi. Ɓawon ya yi laushi. Idan ka matse hantar tsakanin yatsu biyu ba ta fashewa da sauƙi, sai ka ji ta kamar roba.

Akwai cutar walƙiya, wadda Vibrio harveyi da danginsa ke jawowa. Ita ta fi addabar gidajen ƙyanƙyasa, kuma ta durƙusar da gonaki da yawa a tsibirin Negros na Filifin a shekarun 1990. Ganinta ba wuya: ka kashe fitila da dare, ka bar idonka ya saba da duhu, za ka ga ruwan ko gawarwakin suna ƙyalli kore-kore.

Cutar farin kashi ta fi zuwa bayan kwana 50 zuwa 60. Za ka ga zare-zare fari suna yawo a saman ruwa, iska ta tara su a kusurwa ɗaya. Wannan ba aikin Vibrio kaɗai ba ne, sau da yawa akwai wata ƙwaya mai suna EHP da ke cin hantar a hankali, ta hana girma. A nahiyar Amurka kuma akwai NHP, wata cutar bakteriya da ke kama hanta, wadda aka fara gani a Tekzas a 1985, mai son zafi da gishiri mai yawa.

Sai wadda ba ta cikin wannan dangi sam: cutar farin ɗigo. Ita bairas ce. Ɗigon yana cikin ɓawon kai, jiki yakan yi ja, jatan landen ya taru a gefen tafki, a gama da su cikin kwana uku zuwa goma. Babu maganin bakteriya da ke taɓa ta.

Ido yana nuna maka hanya ne kawai. Tabbaci sai ɗakin gwaji, kuma za mu zo kan yadda ake ɗaukar samfur.

Mataki na biyu: ƙasan tafki

A ganina nan ne ake cin yaƙin ko a faɗi, tun kafin ɗan jatan lande ɗaya ya taɓa ruwa. Jatan lande a ƙasa yake rayuwa, a ƙasa yake kiwo, yana tsince-tsince cikin laka. Duk abin da ya taru a can zai bi ta bakinsa, kuma ta baki AHPND ke shiga: bakteriyan ya zauna a ciki, dafin ya gangara hanta.

Bayan girbi ka zubar da ruwa ƙaf. Baƙar lakar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke taruwa a tsakiya, ka kwashe ta ka fitar da ita daga gonar, ko ka tara ta a ramin da ruwan sama ba zai dawo da ita ba. Mutane da yawa suna kwasowa su jibge a kan gaɓar tafkin, ruwan farko na damina ya wanke ta ya mayar inda ta fito. Wahalar banza ke nan.

Ka bar ƙasa ta sha rana mako biyu zuwa huɗu, har ta tsattsage. Idan da hali ka yi mata huɗa ka sake shanyawa, don iska ta ratsa. Wuraren da suka ƙi bushewa ka barbaɗa musu ƙonannen laim, wato ƙonanniyar farar ƙasa, giram 100 zuwa 200 a kowane murabba'in mita, tun da sauran danshi, domin a busasshiyar ƙasa ba ya aiki. Ka toshe ramukan ƙaguwa, ka kewaye tafkin da shingen leda mai santsi da ba za ta iya hawa ba, ka ja zare ko raga a sama saboda tsuntsaye.

Manoman Tailan da suka farfaɗo bayan 2013 yawancinsu sauya ginin tafkin suka yi. Suka rage girmansa, suka shimfiɗa leda mai kauri a ƙasa, suka haƙa rami mai gangara a tsakiya, wanda suke ce wa bayan gidan jatan lande. Injinan kaɗa ruwa suna juya ruwan ya riƙa zagayawa, kashi da ragowar abinci da saɓa da gawa su taru a ramin, famfo ya zuƙe su sau da yawa a rana. Yana da tsada, amma cikin duk dabarun da aka fito da su ita ce na fi yarda da ita, don tana fitar da abincin bakteriyan ne daga tafkin gaba ɗaya. Mai tafkin ƙasa da ba shi da kuɗin leda zai iya kwaikwayon rabinta: ya daidaita injinansa su tara datti wuri ɗaya, ya riƙa zuƙewa da tiyo.

Mataki na uku: ruwa, da tarkon da ke cikin kulorin

Kada ruwan teku ko na rafi ya shiga tafkin kiwo kai tsaye. Ka ware tafkin ajiya. Ruwa ya shigo ta jakar tacewa mai ƙananan ido, maikuron 200 zuwa 300, ya kwanta kwana biyu ko uku, sannan a sa masa kulorin. Abin da aka saba shi ne giram 20 zuwa 30 na hodar kulorin a kowace lita dubu. A lissafi, tafki mai faɗin hekta ɗaya da zurfin mita ɗaya zai ci kilo 200 zuwa 300. A zuba da yamma, don rana tana karya ƙarfinsa.

Ga inda ake faɗawa. Kulorin yana kashe mai kyau da marar kyau. Ruwan da aka wanke tas kamar gonar da aka share ce, ciyawa mai saurin fitowa ita ke fara cinye ta, kuma a tafki Vibrio ne mai saurin. Wanda ya sa kulorin yau ya zuba 'ya'ya bayan kwana uku ya yi wa cutar shimfiɗa da hannunsa. Ka ba ruwan mako ɗaya zuwa biyu ya nuna. Ka kunna injin, ka sa bakteriya masu amfani irin dangin Bacillus da ake sayarwa, ka bar gansakuka ta fito har ruwan ya yi launin kore mai ruwan kasa. Ka nutsa farin faifai: idan ya ɓace wa ido a zurfin santimita 30 zuwa 40, ya yi daidai.

Manoman Filifin suna da wata dabara da ta cece su daga cutar walƙiya, wato sa kifin karfasa a tafkin ajiya ko cikin keji a tsakiyar tafkin kiwo. Ruwan da karfasa ya zauna a ciki yana danne Vibrio, kuma an ga amfaninsa a kan AHPND ma. Idan kana da ruwan daɗi kusa, rage gishiri zuwa ƙasa da kashi 20 cikin dubu yana rage yawan aukuwar cutar.

Mataki na huɗu: iri

Tafki mai tsabta ba ya amfanar da iri mai cuta. Ka sayi 'ya'ya daga gidan ƙyanƙyasar da ke amfani da iyayen da aka tantance, kuma ka nemi takardar gwajin PCR, mai gano ƙwayar gadon cuta, ta wannan rukunin da za a ba ka, ba ta watan jiya ba. Gwajin ya haɗa da dafin PirA da PirB, da EHP, da farin ɗigo. Ka tambaye su abin da suke ciyar da iyayen, domin tsutsar teku mai rai da ake ba su tana daga cikin hanyoyin da cutar ta bi ta shiga gidajen ƙyanƙyasa. Idan da hali ka kai naka samfurin wani ɗakin gwajin da ba ruwansa da mai sayarwa.

Kafin ka biya, ka ɗebi guda ɗari ka jarraba su. A kwano ka juya ruwa da hannu: masu lafiya suna fuskantar ruwan su yi iyo, raunana su taru a tsakiya. Sannan ka rage gishirin ruwansu da rabi farat ɗaya, ka bar su rabin awa. Idan fiye da goma suka mutu, bar wannan rukunin komai arharsa. 'Ya'yan da suka kai matakin PL10 zuwa PL12, wato kwana 10 zuwa 12 bayan sun wuce matakin tsutsa, sun fi jure tafki.

Da zan ba mutum shawara ɗaya a nan, sai in ce ya yi wurin reno. Ƙaramin tanki ne ko tafkin leda inda 'ya'yan za su yi kwana 20 zuwa 30 kafin a mayar da su babban tafki. Kwanakin da AHPND ta fi kisa ke nan, kuma idan ta ɓarke a tanki asararka tankin ne kaɗai, ba hekta guda da ka kashe wa kilo 300 na kulorin ba.

Mataki na biyar: aikin kullum

Kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na sinadarin naitirojin da ke cikin abinci yake zama naman jatan lande. Sauran yana komawa ruwa da laka. Wato duk buhun da ka zuba, ka ciyar da bakteriya fiye da yadda ka ciyar da dabbarka. Don haka ka raba abincin sau huɗu ko biyar a rana, ka sa kaɗan a tiren gwaji a wurare daban-daban, ka ɗaga bayan awa ɗaya da rabi zuwa biyu. In da saura, rage na gaba. Tiren yana gaya maka fiye da haka ma: ka dubi launin hanta, cikar hanji, da kashin da suka bari. Doguwar igiyar kashi mai launin abinci alamar lafiya ce.

Awon ruwa kuma ga iyakokinsa. Iskar oksijin kada ta sauka ƙasa da miligiram 4 a lita, kuma da asuba ake aunawa, a ƙasan tafki, don a lokacin ta fi ƙaranci. Ana lissafa ƙarfin doki ɗaya na injin kaɗa ruwa ga kowane kilo 400 zuwa 500 na jatan lande. Awon pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya tsaya tsakanin 7.5 da 8.5, kuma bambancin safe da yamma kada ya wuce 0.5. Zafin ruwa digiri 28 zuwa 32. Amoniya, wadda ke fitowa daga kashi da ragowar abinci, ta fi dafi da la'asar lokacin da pH ya hau, iskar nan mai warin ƙwai kuma ta fi dafi idan ya sauka. Ranar da aka tafka ruwan sama ka rage abinci sosai ko ka tsallake lokaci ɗaya, ka bar injina a kunne, don gishiri da zafi da pH duk sun motsa a tare, kuma bayan irin wannan ranar ce cuta ta fi bayyana.

Sau ɗaya ko biyu a mako ka ƙirga Vibrio. Ana ɗiga ruwan tafki a faranti mai sinadarin TCBS, a bar shi ya kwana. Ɗigo rawaya da kore za su fito, kuma V. parahaemolyticus cikin koraye yake. Gonaki da dama suna ɗaukar dubu ɗaya a mililita a matsayin gargaɗi, amma abin da ya fi lamba muhimmanci shi ne alƙibla: idan koraye na ƙaruwa mako bayan mako, ka rage abinci, ka zuƙe laka, kada ka jira gawa. Ka yi hattara da ruwan rake da ake zubawa don ciyar da bakteriya masu amfani, Vibrio ma yana sha.

Mataki na shida: ranar da ta ɓarke

Ka ga abinci ya ragu a tire ba dalili, ka ga masu iyo a hankali a gefe, ka jefa birgi ka samu hanta fara. Ga jerin abin yi, kuma jerin yana da muhimmanci.

Da farko ka rufe tafkin. Ruwa kada ya fita, kada ya shiga wani tafkin. Birgi, bokiti, tire, takalmi, duk na wannan tafkin su tsaya a nan, mutum ɗaya ya kula da shi, ya riƙa tsoma ƙafa da hannu a ruwan kulorin ko aidin in zai fita.

Na biyu, ka tsayar da abinci. Wannan shi ne ya fi yi wa manomi wuya, don gani yake kamar zai kashe su da yunwa. Jatan lande yana jure kwana biyu ko uku babu ci, kuma mai ciwon hanta ba ya cin abin da ka zuba, bakteriya ne ke ci. Idan mutuwa ta lafa sai ka dawo da kashi ɗaya cikin uku, ka riƙa ƙarawa a hankali.

Na uku, ka kunna duk injin da kake da shi, dare da rana, ka zuƙe laka da gawa sau da yawa yadda za ka iya. Jatan lande yana cin gawar ɗan'uwansa, kuma wannan na daga cikin hanyoyin da cutar ke bi ta game tafki. Gawar a binne ta da laim nesa da magudanar ruwa.

Na huɗu, ɗaukar samfur. Ka zaɓi masu galabaita da ke da sauran rai, kamar goma, don hanta tana ruɓewa nan da nan bayan mutuwa. Na gwajin PCR a sa su cikin sifirit mai ƙarfin kashi 90 zuwa 95. Na duban nama a madubin likita kuma ruwan Davidson, wani haɗin sinadari mai hana nama ruɓewa, ake amfani da shi: a yi wa hantar allurarsa, a tsaga ɓawon, a nutsa cikin ruwan da ya ninka girman jikin sau goma, bayan awa 24 zuwa 48 a mayar cikin sifirit mai kashi 70. Samfurin da za a shuka a faranti don gano bakteriyan a kai shi da rai ko a kan ƙanƙara, kada a daskarar. Masu binciken farko sun sha wahala a nan, don naman da aka daskarar ya ƙi yaɗa cutar a gwaji, abin da ya jinkirta gano ta.

Na biyar, ka gaya wa maƙwabtan da kuke shan ruwa ɗaya, ka sanar da jami'in kiwon kifi ko likitan dabbobi na gwamnati. AHPND tana cikin cututtukan da Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya ta wajabta a ba da rahotonsu. Manomi yakan ɓoye don kunya ko tsoron faɗuwar farashi, ya saki ruwan da dare, mako biyu kuma famfonsa ya zuƙo masa abinsa daga rafin.

Ma'aikata su sa safar hannu da takalmin roba. Akwai dangin Vibrio da ke shiga ta rauni su yi mummunar illa ga mutum, musamman mai ciwon hanta ko sukari.

Maganar maganin kashe bakteriya

Mai shagon magani zai kawo maka hoda ya ce a gauraya da abinci. Ka yi tunani kafin ka karɓa. Maras lafiyan ba sa ci, don haka maganin masu lafiya da laka yake isa. Dafin da ya riga ya cinye hanta magani ba ya mayar da ita. Kuma Vibrio da yawa sun saba da magungunan da aka daɗe ana zubawa. Chloramphenicol da dangin nitrofuran haramtattu ne ga dabbar da za a ci a Turai da Amurka, kuma a Janairun 2002 Tarayyar Turai ta dakatar da shigo da kayan dabbobi daga Sin bayan an samu ragowar chloramphenicol a jatan lande. Inda magani ke da amfani a fili shi ne NHP, wadda oxytetracycline ke yi wa aiki idan an fara da wuri. Ko a nan, sai da sakamakon gwaji, da umarnin likita, da kiyaye kwanakin jira kafin girbi. Allurar rigakafi irin ta kaji kuwa babu ita, don jikin jatan lande ba ya tuna cuta yadda na kaza ke yi.

Mataki na bakwai: girbi ko haƙura

Ka ƙirga gawa kullum ka rubuta. Idan bayan kwana uku ko huɗu da tsayar da abinci adadin yana sauka, akwai fata. Idan yana ninkuwa, ka yanke shawara da wuri. Masu girman kasuwa, kamar yadda ake samu a farin kashi, a kwashe su da raga ba tare da an buɗe magudana ba, a sa ƙanƙara nan take. Na kwana 25 da AHPND ta kama ba su kai komai a sikeli ba, kuma duk ranar da ka ƙara kana ƙona man inji ne kana jefa sauran tafkunan cikin haɗari. A sa kulorin da ƙarfi fiye da na shiri, a bar ruwan a rufe aƙalla mako ɗaya, sannan a zubar a koma mataki na biyu.

Kafin zubi na gaba ka buɗe littafin rubutunka ka nemi ranar da abu ya fara karkata, ko bayan ruwan sama ne, ko lokacin da aka ƙara abinci, ko kuwa duk tafkunan da suka mutu daga gidan ƙyanƙyasa ɗaya aka kawo irinsu. Ka rage yawan zubi. Ekwado, wadda fitar da jatan landenta ya haura tan miliyan ɗaya a 2022, da manyan tafkuna masu ƙarancin cunkoso ta kai nan, don haka wanda ba shi da kuɗin leda da famfo irin na Tailan ya fi masa ya bi wannan hanyar. Tafkin da ya mutu sau biyu a jere a ba shi zango guda na karfasa kafin a dawo da jatan lande. Idan an shirya komai, ka kafa ƙaramin kejin raga a cikin tafkin, ka sa 'ya'ya ɗari, ka duba su bayan kwana uku ko huɗu. In sun rayu kuma hantarsu cike take, sai ka kira gidan ƙyanƙyasa su kawo sauran.